Gajiyar da ke Ɓoye a Jiki: Yadda Za Mu Gane Ta, da Abin da Za Mu Yi

Jawabi ga dattawan ikkilisiya, shugabannin zumunta da dukan 'yan'uwa

 

Abin da za mu yi magana a kai yau abu ne da muke tambayar juna kowace safiya. Idan aka ce mana "Ina gajiya?" amsar a bakinmu take: "Babu gajiya." Gaisuwa ce mai kyau, ba mu ce a daina ta ba. Amma ta saba mana da wani hali, wato mu rufe gajiya tun kafin mu duba ko tana nan. Mutum ya kwana gadi, ya wuni gona, ya zo taron kwamiti da yamma, amsarsa ɗaya ce da ta wanda ya kwana a kan katifa ya tashi da hantsi.

A ikkilisiyoyinmu hannuwa kaɗan ne. Sau da yawa mutum ɗaya ne dattijo, shi ne ma'aji, shi ne malamin makarantar Lahadi, shi ne kuma ake bugun ƙofarsa da dare idan rashin lafiya ta tashi. Mace ɗaya ce shugabar zumunta, ita ce mai dafa wa baƙi, ita ce mai jinya. Idan irin wannan mutum ya faɗi, rabin aikin ikkilisiya ne ya faɗi tare da shi, ga iyalinsa kuma. Domin wannan fa ya kamata mu koyi gane gajiya tun ba ta kayar da mutum ba.

Me ya sa mai gajiya ba ya sanin ya gaji?

Mun ɗauka cewa kowa ya san jikinsa. A kan gajiyar yini ɗaya, haka ne. Amma gajiyar da ta taru mako bayan mako tana da wani hali dabam.

A shekarar 2003 masu bincike a Jami'ar Fensilbaniya ta Amurka sun buga sakamakon wani gwaji da suka yi da mutane 48 masu lafiya. Wasu an bar su su kwanta awa 8 kowane dare, wasu awa 6, wasu awa 4, har tsawon kwana 14. Kullum ana gwada hankalinsu da saurin amsawarsu. Waɗanda ke kwanciya awa 6 ko ƙasa da haka sun riƙa lalacewa kowace rana, har aikinsu ya kai munin na wanda ya yi dare ɗaya ko biyu cur bai runtsa ba. Abin lura shi ne, da aka tambaye su yadda suke ji, bayan kwanakin farko sai suka riƙa cewa barcin da suke ji bai ƙaru sosai ba. Ƙarfinsu yana raguwa, su kuwa suna ganin sun saba.

To, ku duba wannan kalma, "na saba." Ita ce muke ji a bakin manomi, da direba, da uwa mai goyo. Sabo yana kawar da jin gajiya, amma gajiyar tana nan tana aikinta. Ma'aunin da mutum zai auna kansa da shi, wato hankalinsa, shi ne abu na fari da gajiya ke taɓawa. Saboda haka sau da yawa na kusa da mutum ne ke riga shi gani. Likitocin barci sun yarda cewa babban mutum yana bukatar aƙalla awa 7 na barci a kowane dare. Kowannenmu ya ƙirga nasa na makon da ya wuce.

Alamun da za mu duba

Hausawa sun ce jiki magayi. Yana faɗi, sai dai da ƙaramar murya yake farawa.

A jiki: mutum ya tashi da safe kamar bai kwanta ba. Ciwon kai da ke dawowa kusan kullum. Nauyin kafaɗa da wuya. Jiri idan an miƙe tsaye. Zuciya tana bugawa da sauri a kan aikin da dā ba ya sa ta haka. Mura da ƙuraje suna zuwa bi da bi, domin rashin barci yana rage ƙarfin jiki na yaƙi da cuta. Wani abinci ya fita ransa, wani kuma sai kwaɗayin zaƙi. Akwai kuma wanda gajiya ta yi masa yawa har ta hana shi barci, ya kwanta jiki a mace amma ido biyu.

A hali: mutum mai haƙuri ya koma mai saurin fushi. Ƙaramar magana a taron dattawa ta zama rigima. Uwa ta riƙa dukan yara a kan abin da dā dariya take yi. Mai son zumunci ya fara gudun mutane. Sau da yawa mukan kira wannan taurin kai ko sanyin bangaskiya, mu shirya zuwa yi masa faɗa, alhali kuwa abin da ɗan'uwan ke bukata shi ne barci da abinci da wanda zai karɓe shi aiki.

A aiki: mantuwa, kuskuren lissafi a littafin baiko, karanta layi ɗaya sau uku ba a gane ba, yanke hannu da lauje ko adda, barin tukunya ta ƙone. Gyangyaɗi da zarar an zauna, ko a sujada ko a mota, alama ce babba. Wanda ya sami isasshen barci ba ya yin barci cikin minti biyu ko uku don kawai ya zauna shiru.

A kan tuƙi kuwa, maganar ta rai ce. Wani bincike da aka buga a shekarar 2000 ya nuna cewa mutumin da ya yi awa 17 zuwa 19 bai yi barci ba, hankalinsa da saurin hannunsa suna raguwa kamar na wanda ya sha giya. Wanda ya tashi ƙarfe 5 na asuba ya cika awa 17 da ƙarfe 10 na dare. Barci ɓarawo ne, yana iya ɗauke mutum na daƙiƙa 3 ko 4 idonsa a buɗe. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin fiye da mita 100 cikin daƙiƙa 4. Mu tuna da wannan idan mun gama addu'ar kwana muka ɗora mawaƙa a bayan mota, muka ba direban da ya kwana tare da mu makulli.

Abubuwan da muke rufe gajiya da su

Idan jaki ya gaji aka ƙara masa bulala, zai ƙara tafiya, amma bulala ba harawa ba ce. Muna da bulalu da yawa da muke yi wa jikinmu.

Goro, shayi mai kauri, kofi da lemon ƙara kuzari na gwangwani duka suna da sinadarin kafin. Yayin da mutum yake a farke, wani sinadari mai suna adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ne ke sa a ji barci. Kafin yana toshe wurin da wannan saƙo ke shiga. Gajiyar tana nan, labarinta ne aka hana isowa. Rabin kafin ɗin da mutum ya sha yana nan a jini bayan kamar awa 5, don haka goron yamma da shayin dare suna rage barcin daren, gobe kuma a ƙara neman su.

Na biyu, maganin ciwon jiki. Da yawa daga cikinmu ba ma kwanciya a damina sai mun aika kemis an haɗo mana ƙwayoyi. Babban mutum kada ya wuce ƙwaya 8 na farasitamol mai miligiram 500 cikin awa 24, domin fiye da haka yana lalata hanta, kuma magungunan mura da yawa suna da shi a ciki ba tare da mai sha ya sani ba. Ibufurofen da dikilofenak, idan ana shan su kullum, suna iya jawo gyambon ciki da zubar jini, su kuma taɓa ƙoda, musamman ga wanda ya wuni yana gumi bai sha ruwa sosai ba.

Na uku shi ne wanda ya fi ba mu tsoro, wato tiramol. 'Yan ƙwadago da matasa suna shan sa domin su yi noman mutum biyu a yini ɗaya. Yana kama mutum har ya kasa aiki sai da shi, yana kuma jawo farfaɗiya. Kada mu ɗauka wannan matsalar 'ya'yan wasu ce. Idan muka ɗauki 'yan ƙwadago muka riƙa yabon wanda ba ya hutawa, mu tambayi kanmu da me yake aikin.

Lokacin da gajiya ta zama alamar ciwo

Gajiyar aiki tana tafiya idan an huta. Idan mutum ya sami barci da abinci na mako biyu amma har yanzu jiki a mace, lokacin zuwa asibiti ya yi. Ga wasu daga cikin cututtukan da ke ɓuya a bayan gajiya.

Ƙarancin jini. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya sami kashi 58 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 da ƙarancin jini. Wato idan mata goma suka zauna a bencin zumunta, kusan shida ke nan. Alamunsa su ne kasala, jiri, haki a kan ƙaramin aiki, da farin tafin hannu da cikin fatar ido. Haihuwa kusa da kusa, zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, yawan jinin al'ada da ƙarancin sinadarin ƙarfe a abinci su ne manyan dalilai. Gwajin jinin ba shi da wuya. Hanta, nama, kifi, wake da ganye irin su zogale suna taimakawa, lemo da gwaiba kuma suna sa jiki ya ɗebi ƙarfen da kyau. Shayi tare da abinci yana rage shi. Mai ciki ta je awo, ta sha ƙwayoyin ƙarin jini da aka ba ta har su ƙare.

Hawan jini. Yawancin masu shi ba sa jin kome, shi ya sa yake kisa ba sallama. Awo ne kaɗai ke nuna shi. Idan awo ya riƙa nuna 140 bisa 90 ko fiye a ranaku dabam dabam, sai a ga likita. Wanda aka ɗora a kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi.

Ciwon sukari. Gajiya tare da yawan ƙishirwa, yawan fitsari da dare, rama, da gyambon da ba ya warkewa.

Tarin fuka. Tari fiye da mako biyu, gumin dare, rama da zazzaɓin yamma. Gwaji da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka keɓe domin haka.

Munshari mai yankewa. Idan maigida yana munshari da ƙarfi, numfashinsa ya tsaya, sa'an nan ya farka da shaƙewa, barcinsa ba ya hutar da shi kome tsawonsa, kuma wannan yana tafiya da hawan jini. Uwargida ce ke iya ganin wannan, sai ta faɗa, shi kuma ya saurara.

Baƙin ciki mai daɗewa. Waɗanda suka yi rashi, ko aka kore su daga ƙauyukansu, ko suke kwana da fargaba, sau da yawa ba sa cewa "raina ya ɓaci." Abin da suke cewa shi ne "jikina ba ƙarfi." Idan wannan ya wuce mako biyu tare da rashin sha'awar kome, ciwo ne mai magani. Mu yi addu'a tare da su, mu kuma raka su asibiti.

Akwai alamun da ba a jiran gobe a kansu: ciwon ƙirji mai danna mutum ko mai tafiya zuwa hannu da muƙamuƙi, karkacewar baki, mutuwar hannu ko ƙafa ɗaya, harɗewar harshe, haki ana zaune, suma, da ruɗewa cikin zafin rana. Wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan ya nemi mota nan take.

Dogon aiki da zafin rana

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da rahoto cewa a shekarar 2016 mutane kimanin 745,000 suka mutu da shanyewar jiki da ciwon zuciya saboda dogon aiki. Sun ce wanda ke aiki awa 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar jiki gare shi ya fi da kashi 35 cikin 100, na mutuwa da ciwon zuciya kuma da kashi 17, idan aka gwada shi da mai aikin awa 35 zuwa 40. Awa 55 a kwana shida awa 9 ke nan da 'yan mintoci kowace rana. Wace uwa ce a ƙauyukanmu aikinta yake tsayawa a awa 9, daga ɗiban ruwa da asuba har wanke tukunyar tuwon dare?

Ga kuma zafi. Daga Maris zuwa Mayu ma'auni yakan wuce 40 a wurare irin su Sakkwato da Maiduguri. A watan Afrilu na 2024 ya kai 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Jikin da ke gumi yana zubar da ruwa da gishiri, kuma ƙishirwa tana zuwa a makare, musamman ga tsofaffi. Fitsari ne ma'auni mai sauƙi: idan ya yi kaɗan ya yi ja, jiki yana bin bashin ruwa. A sha ruwa tun kafin ƙishi, a kai aiki mai nauyi safe da yamma, a nemi inuwa da tsakar rana. Wanda zafi ya galabaitar, a kwantar da shi a inuwa, a jiƙa jikinsa, a yi masa fifita. Idan yana cikin hankalinsa a ba shi ruwan gishiri da sukari: ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Idan ya ruɗe ko ya suma, kada a ɗura masa kome a baki, a ci gaba da sanyaya shi a kan hanyar asibiti.

Hutu ba ragonci ba ne

Mun san abin da ke hana da yawa daga cikinmu hutawa. Muna jin kunya a ce mun kasa, muna kuma jin kamar laifi ne mu ajiye aikin Ubangiji. Bari mu tuna da abin da muka riga muka karanta.

A 1 Sarakuna sura 19, Iliya ya fito daga babbar nasara a Dutsen Karmel, ya gudu zuwa Biyersheba, ya yi tafiyar yini guda cikin jeji, ya zauna a gindin itace ya roƙi mutuwa. Abin da aka fara ba shi shi ne barci da gurasa da ruwa, har sau biyu. Magana ta zo daga baya, a Horeb, daga nan kuma aka ba shi Elisha ya zama mataimakinsa. A Fitowa sura 18, Yetro ya ga surukinsa Musa yana shari'a tun safe har yamma, ya gargaɗe shi cewa zai gajiyar da kansa da jama'ar duka, ya ba shi shawara ya naɗa shugabanni a kan dubu, da ɗari, da hamsin, da goma. A Fitowa sura 34 kuma an ambaci lokacin huɗa da lokacin girbi musamman, cewa ko a cikinsu ranar hutu tana nan. Wanda ya ba da wannan umarni ya san manomi, ya san lokacin da zai ce ba shi da sarari.

Abin da muke roƙo

Ga dattawa: mu zauna mu rubuta sunayen masu riƙe da aiki a ikkilisiya. Duk sunan da ya fito sau uku, mu nemi wanda zai karɓi ɗaya. Matashi ba zai iya ba sai an ba shi ya gwada. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mu ba fasto da mai bishara rana ɗaya a mako wadda ba a neman su sai ga mutuwa ko ciwo mai tsanani, gama Lahadi ranar aiki ce a gare su. Matar fasto ma haka.

Mu duba tsarin Lahadinmu. Idan sujada da tarurruka suka ci daga ƙarfe 8 na safe zuwa 4 na yamma, iyayenmu mata kuma suka wuce kai tsaye zuwa murhu, to, wa ya huta? Taron da zai iya ƙarewa cikin awa ɗaya kada ya ci uku.

Mu tsara addu'ar kwana da hikima. Kada a jera ta da ranar doguwar tafiya, kuma direba ya kwanta tun da wuri. Inda ake gadin dare, a yi shi bi da bi, wanda ya kwana a tsaye a rage masa aikin washegari. Game da azumi, mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon sukari, mai gyambon ciki da mai shan magani kullum su nemi shawarar likita, kada kuma kowa ya sa su jin kunya.

Zumuntar mata da ta matasa su haɗa kuɗi su sayi na'urar awon jini ta hannu. Idan akwai ma'aikacin lafiya a cikinmu, ya riƙa auna mutane bayan sujada sau ɗaya a wata, a rubuta a littafi.

Ga magidanta: matar da ta haihu tana bukatar makonni na hutu da abinci mai kyau. Ɗaukar jarka zuwa rijiya ko riƙe yaro domin uwarsa ta yi barcin awa ɗaya ba ya rage girman kowa.

Ga kowannenmu: mu sa lokacin kwanciya mu kiyaye shi, mu ajiye waya kafin mu hau gado, mu bar goro da shayi tun la'asar. Ɗan barcin minti 20 da rana yana wartsakar da mutum ba tare da ya ɓata na dare ba. Kowa ya sami mutum ɗaya da ya ba izini ya ce masa, "Ɗan'uwa, ka gaji, je ka kwanta," ya kuma yi alkawari zai ji.

A wannan mako, kowane dattijo ya ziyarci mutum ɗaya da ya san kayan sun yi masa yawa. Ya zauna, ya tambaye shi awa nawa yake barci, yaushe rabonsa da awon jini, wane aiki ne za a iya ɗauke masa. A taronmu na gaba za mu so mu ji abin da kuka samo.

Ubangiji ya ba mu hikima, ya ƙarfafa marasa ƙarfi a cikinmu, ya kai kowa gida lafiya. Amin.